Hawan Dutsen Kilimanjaro: Shiri, Guzuri da Lissafin Kuɗi



Batun da ya tara jama'a a wannan zama shi ne tafiyar ƙafa ta kwana da kwanaki a daji da kan tsauni, yadda ake shirya ta da kuma abin da take ci. Domin maganar ta samu madafa, an ɗauki tafiya guda wadda ta fi kowace suna a nahiyar Afirka, wato hawan dutsen Kilimanjaro da ke arewacin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Uhuru, tana mita 5,895 sama da teku, kuma babu inda ya kai ta tsawo a duk faɗin nahiyar. Hans Meyer, wani Bajamushe, da abokin tafiyarsa Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya, su ne aka fara rubuta cewa sun taka ta, a watan Oktoba na 1889. An mayar da dutsen gandun gwamnati a 1973, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A yau dubun-dubatar mutane ne ke hawansa kowace shekara, har da tsofaffi da yara 'yan shekara goma, wanda shi ne mafi ƙarancin shekarun da doka ta yarda da su.

Abin da ke jan mutane shi ne ba a bukatar igiya ko wata ƙwarewa. Tafiya ce da ƙafa tun daga ƙofa har sama. Wannan sauƙin ne kuma yake yaudarar masu lissafi, su rage kwanaki ko su nemi kamfani mafi araha, su kashe miliyoyi, sannan su dawo ba su ga ƙololuwa ba. A cikin kasafin wannan tafiya akwai wuraren da za a iya tsuke aljihu, akwai kuma guda biyu da ba a taɓawa: yawan kwanaki da hakkin 'yan dako.

Hanyoyin hawa

Ana shiga dutsen ta hanyoyi da dama, kowace da tsawonta da farashinta. Marangu ita ce tsohuwa, kuma ita kaɗai ke da ɗakunan kwana na katako a zangunan Mandara, Horombo da Kibo. Ana yin ta cikin kwana biyar ko shida. Machame, wadda jama'a suka fi bi, kwana shida ce ko bakwai, a tanti. Lemosho tana farawa daga yamma, tana cin kwana bakwai ko takwas. Rongai tana zuwa daga arewa, ɓangaren da ruwan sama bai cika yawa ba. Umbwe gajeriya ce mai tsayuwa, ba ta sabon shiga ba ce. Akwai kuma wadda ke zagaya dutsen ta arewa cikin kwana tara.

Nisan ba shi ne matsala ba. Hawa da sauka ta Machame kusan kilomita 62 ne, abin da bai kai rabin tafiyar Kano zuwa Zariya ba. A cikin wannan ɗan nisan mai tafiya zai ratsa gonakin ayaba da kofi na al'ummar Chagga, ya shiga kurmi mai danshi da laka, ya fito fili mai gajerun itatuwa, ya bi hamadar duwatsu inda ko ciyawa ba ta tsiro, ya ƙare a kan ƙanƙara.

Lokacin tafiya ma yana cikin shiri. Daga Janairu zuwa tsakiyar Maris, da kuma daga Yuni zuwa Oktoba, su ne watannin da sama ke wayewa. Afrilu da Mayu tsakiyar damina ce, a Nuwamba kuma akwai wani ɗan gajeren ruwa. Wanda ke son ya je a Yuli ko Agusta ya sani cewa lokacin cunkoso ne, sai ya kama wuri da wuri. Musulmi kuma ya duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, domin ana bukatar shan ruwa lita uku zuwa huɗu a kowace rana.

Abin da ke mayar da mutane gida

Wuri mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti da ke jihar Taraba, mita 2,419. A Nijar kuwa ƙololuwar duwatsun Bagzan a Abzin mita 2,022 ce. Wanda ya bi Machame zai kwana daren farko a kusan mita 3,000. Ke nan tun ranar farko jikinsa ya shiga inda bai taɓa shiga ba a ƙasarsa.

Yayin da ake hawa, iska tana ƙara sirancewa. A ƙololuwa, abin da huhu ke samu a numfashi ɗaya kusan rabin abin da yake samu ne a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma yana bukatar kwanaki. In aka gaggauta masa, sai ciwon kai ya fara, da tashin zuciya, da rashin barci, abinci ya fita a rai. In aka ci gaba da hawa a haka, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa. Maganinsu na farko shi ne sauka ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Sau da yawa matasa majiya ƙarfi ne ke fara faɗuwa, domin su ne ke sauri. Shi ya sa jagororin dutsen ba su da waƙar da ta wuce "pole pole", wato sannu-sannu, kuma da gangan suke rage tafiya har mutum ya ƙosa.

Tsarin Machame na kwana bakwai yana nuna yadda ake lallaɓa jiki. Ran farko a kwana a zangon Machame. Ran biyu a Shira, kusan mita 3,800. Ran uku a hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro Barranco a kwana a kusan mita 3,900: an ɗanɗana wa jiki tsawo, an dawo da shi ƙasa ya huta. Ran huɗu a haura katangar Barranco da hannu da ƙafa a kwana a Karanga. Ran biyar a isa Barafu, mita 4,673, zangon ƙarshe. Wanda ya sayi tafiyar kwana shida, daren Karanga ne aka cire masa. Zai haura katangar, ya wuce kai tsaye Barafu, ya isa da yamma a gajiye, cikin daren kuma a tashe shi.

Daren ƙololuwa kuwa shi ne jarrabawar. Ana cin abinci tun kafin magariba, a kwanta da kaya a jiki, misalin ƙarfe goma sha ɗaya a ji ana bubbuga tanti da kofin shayi. Da tsakar dare ake tashi. Abin da mutum ke gani shi ne dugadugan wanda ke gabansa a cikin hasken tocilar goshi, da layin fitilu yana lanƙwasa sama. Ƙasa tsakuwa ce mai zamewa, sanyi yana iya kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, ruwan gora yana daskarewa in ba a cusa shi cikin riga ba, batirin waya yana mutuwa. Bayan awa shida ko bakwai a isa Stella Point, mita 5,756, daidai lokacin da rana ke ɓullowa ta bayan tsaunin Mawenzi. Daga nan kusan awa ɗaya ce zuwa allon Uhuru. Minti goma ko sha biyar na hoto, sai a juya, a sauka har zangon Mweka a wajen mita 3,100. Ranar takan ci awa 12 zuwa 15. Wanda ya isa Barafu da ragowar ƙarfi shi ke iya ta.

Akwai gargaɗin da ya shafi mutanen Nijeriya da Nijar musamman. Mai ciwon sikila ba ya hawa irin wannan tsawo. Mai jinin AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, likitoci sun san yadda ƙarancin iska a kan tsauni ke iya toshe jinin saifarsa. Don haka gwajin jini da ganin likita su ne farkon abin da za a kashe wa kuɗi. A wurin likitan ne kuma za a tambayi ƙwayar acetazolamide, wadda aka fi sani da Diamox, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro saboda kwanakin da za a yi a gari.

Kason gwamnati

Tun 1991 aka hana kowa hawa Kilimanjaro shi kaɗai. Dole a bi ta hannun kamfani mai lasisi, da jagora mai rajista. Kamfanin ne ke biyan hukumar gandayen Tanzaniya, TANAPA, kuɗin shiga a madadin mai tafiya, kuma wannan kuɗin ba a ciniki a kansa. A farashin da aka yi amfani da shi a 'yan shekarun nan, baligin da ba ɗan ƙasashen Gabashin Afirka ba yana biyan dala 70 kowace rana kuɗin kula da gandu, dala 50 kowane dare in a tanti ne, ko dala 60 in a ɗakin Marangu ne, sai dala 20 sau ɗaya kuɗin ceto. A kan jimlar a ɗora haraji kashi 18 cikin 100. Ɗan Nijeriya da ɗan Nijar farashi ɗaya suke biya da Bature.

A yi lissafin Machame na kwana bakwai. Rana bakwai sau 70, dala 490. Dare shida sau 50, dala 300. Ceto 20. Jimla 810. Da haraji ya zama kusan dala 956. Marangu ta kwana biyar tana tashi kusan 720, Lemosho ta kwana takwas kusan 1,097. Ƙarin kwana ɗaya a tanti, in aka haɗa da haraji, dala 142 ne a wajen gwamnati. Da abinci da ladan ma'aikata zai kai 200 zuwa 300. Wannan shi ne kuɗin daren Karanga, kuma idan aka auna shi da jimlar tafiyar bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Kamfani da 'yan dako

Yanzu a ɗauka wani kamfani ya yi talla a intanet cewa zai kai mutum ta Machame kwana bakwai a kan dala 1,300. A cire 956 na gwamnati, saura 344. Daga cikin wannan ne za a biya jagora da mataimakinsa da kuku, da 'yan dako uku ko huɗu da ke bin kowane mai hawa, a sayi abincin mako guda na mutanen duka, a biya mota zuwa ƙofa da dawowa, a gyara tanti, mai kamfani kuma ya ci riba. Lissafin ba ya fita. Inda ake cike giɓin shi ne a wuyan 'yan dako: a rage musu lada, a ba su abinci sau ɗaya a rana, a ɗora musu kaya fiye da ƙima, su kwana a cunkushe babu isasshen bargo. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, a nan kuma wani ne ke biyan cikon da lafiyarsa.

Ɗan dako yana tashi bayan baƙo ya bar zango, ya naɗe tanti, ya ɗora kaya a ka, ya wuce baƙon a hanya, ya kafa tanti a zango na gaba, ya ɗebo ruwa kafin baƙon ya iso. Ka'ida ita ce kada kayan baƙo da yake ɗauka su wuce kilo 20, kuma ana auna su a ƙofar shiga. Tun 2003 akwai ƙungiya a garin Moshi mai suna Kilimanjaro Porters Assistance Project, KPAP a taƙaice, wadda ke sa ido kan yadda kamfanoni ke riƙe ma'aikatansu, tana kuma wallafa sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗa. Duba wannan jerin ba ya cin ko sisi.

Kamfani mai mutunci yakan caji tsakanin dala 2,000 da 3,000 ga wanda ya shiga ayarin mutane, fiye da haka ga mai son tafiyar kansa shi kaɗai. Kafin a ba da kafin alƙalami, a nemi amsar waɗannan a rubuce: ko farashin ya haɗa da kuɗin gwamnati da haraji, jagorori nawa ne za su raka mutum nawa a daren ƙololuwa, ko suna tafe da tukunyar iskar shaƙa da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini, ko masauki a gari da ɗauko mutum daga filin jirgi suna ciki, da kuma abin da zai faru da kuɗin in biza ta makara. Mai bukatar abincin halal ya faɗa tun a lokacin. Kuma wanda ya yi magana da kamfanin Moshi ko Arusha kai tsaye ya tsira daga la'adar dillalan ƙasashen waje.

Tukuici ba ya cikin farashi, amma al'ada ta mayar da shi wajibi. Ayari ne ke haɗawa, a ba babban jagora kamar dala 20 zuwa 25 a rana, kuku da mataimakin jagora ƙasa da haka, kowane ɗan dako dala 6 zuwa 10. Kason mutum ɗaya a tafiyar mako yakan faɗa tsakanin dala 250 da 350. A ranar ƙarshe ake bayarwa, a gaban kowa, a faɗi abin da kowane mutum ya samu da babbar murya, domin kada kuɗin ya maƙale a hannun mutum ɗaya.

Biza, tikiti da inshora

Nan ne tsarin ɗan Nijeriya ya bambanta da na Bature. Nijeriya da Nijar da Cadi suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta intanet, an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti sai amsa ta fito. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne. Ana kuma tambayar katin rigakafin shawara ga duk wanda ya taso daga ƙasashen da cutar take.

Filin jirgin Kilimanjaro yana tsakanin Moshi da Arusha. Daga Nijeriya akan bi ta Adis Ababa da Ethiopian Airlines, ko ta Nairobi da Kenya Airways. Farashi yana hawa da sauka, amma mai kasafi ya ware dala 800 zuwa 1,200. A isa kwana biyu kafin hawa, saboda in jaka ta maƙale a wani filin jirgi a samu lokacin jiran ta. Takalmi da rigar sanyi kuwa a shiga jirgi da su.

Dala 20 ɗin ceto tana biyan gadon ɗaukar marar lafiya mai taya ɗaya da motar da za ta fitar da shi daga gandu. Ba ta biyan jirgi mai saukar ungulu, ba ta biyan asibiti. Wannan aikin inshora ne, kuma a karanta takardar da kyau, domin yawancin inshorar tafiye-tafiye tana tsayawa ƙasa da wannan tsawo. Wadda ake nema ita ce mai rufe tafiyar ƙafa har mita 6,000, kuma takan ci dala 100 zuwa 200.

Kaya da motsa jiki

A nan ne ake samun rangwame. Jakar kwanciya mai jure sanyi, babbar rigar sanyi, sandunan dogarawa da wandon ruwa duk ana hayarsu a Moshi, kuma babu dalilin sayen abin da ko a tsakiyar hunturu ba za a sake sawa ba. Abin da ba a haya shi ne takalmi. A saye shi wata biyu ko uku kafin tafiya, a yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafa. Safa, hula, safar hannu da rigunan ciki masu ɗumi ana samunsu a wurin 'yan gwanjo. A guji na auduga, domin in ya jiƙe da gumi ba ya bushewa. Tanzaniya ta haramta leda tun ranar 1 ga Yuni, 2019, a kan dutsen kuma ba a shiga da robar ruwan da ake sha a yar, sai gora mai ɗorewa.

Shirin jiki ba ya bukatar kuɗi. Tafiyar awa biyu zuwa huɗu da jaka a baya, sau biyu ko uku a mako, tsawon wata uku, ta wadatar. Na Kano yana da Dala da Gwauron Dutse, na Zariya yana da Kufena, na Jos yana da duwatsun Shere.

Jimla

In aka tara a ɓangaren sauƙi: kamfani 2,200, tukuici 250, jirgi 800, biza 50, inshora 100, kaya 200, masauki da abinci a gari 150, ya zama dala 3,750. A ƙara kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, an haura 4,100. A ɓangaren tsada lissafin yana kai wa 6,000. In aka ɗauki dala a kan naira 1,500 domin misali, ana maganar naira miliyan shida zuwa tara ke nan, kusa da kuɗin kujerar Hajji ta 2025, wadda ta haura miliyan takwas. Ba ƙaramar shawara ba ce, kuma mai iyali ya san abin da ya kamata ya fara gabatarwa.

Wanda ya yanke zai je, ya rubuta kasafinsa da dala, ya riƙa canza abin da ya tara wata-wata. Wanda ya fara tari da naira a farkon 2023, lokacin da farashin dala na gwamnati yake wajen 460, ya wayi gari a farkon 2024 dala ta haura 1,500, abin da ya tara ya koma kashi ɗaya cikin uku. Tafiya cikin ayari na mutum huɗu zuwa takwas tana rage farashin kamfani da kason tukuici, kuma abokai na iya yin adashe a kai. Takardun dalar da za a riƙe su zama sababbi, domin 'yan canjin Tanzaniya ba sa karɓar tsofaffi.

Kira ga duk mai wannan niyya a cikin masu sauraro shi ne ya bi abin daki-daki: likita da gwajin jini tukuna, sannan zaɓen hanya ta kwana bakwai ko takwas da kamfanin da ke biyan ma'aikatansa, sannan biza, sai a ƙarshe tikiti. In kuɗin bai kai na kwana bakwai ba, ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi ya ƙara tari, kada ya sayi ta kwana biyar.